Binne a Bayan Aji Uku

A shekarun da kuɗin mai ya sa aka yi ta buɗe makarantu a kowane lungu, aka tura ni koyarwa wani ƙauye a ƙasar Roni. Ni ɗan tela ne, haifaffen cikin garin Kazaure. Abin da na sani game da gero bai wuce furar da nake sha ba, amma ina da takardar shaidar malanta sabuwa fil, da jan biro, da ji da kai wanda ya fi ƙarfin shekaruna.

Aka ba ni aji uku. Manhaja ta tsara mana komai mako-mako, ni kuma ina bin ta sau da ƙafa. Ana tsakiyar bazara muka iso darasin shuka, na yi wa yara ɗan gwaji. Tambayar farko ita ce: yaushe manomi yake shuka gero? Littafi ya ce bayan ruwan farko ya sauka. Wata yarinya mai zama a bencin gaba, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin, ta rubuta cewa tun kafin ruwa ake shukawa. Na soke amsar da jan biro, har na ƙara mata da cewa ta daina rubuta shirme.

Washegari ana cikin darasi sai ga mahaifinta a bakin ƙofa, dogon dattijo, da sungumi a kafaɗa. Na fita na rusuna muka gaisa.

Ya ce, “Malam, kai ne ka ce binne shirme ne?”

Ni ko kalmar ban taɓa jin ta a harkar noma ba. Ya yi mini bayani dalla-dalla, kamar yana magana da ƙaramin yaro: a sari busasshen rairayi da sungumi, a zuba iri, a rufe da diddige, a tafi gida.

Na ce, “Baba, ai iri ba ya tsirowa sai da ruwa. Ga shi nan a littafi.”

Ya ce, “Wa ya ce maka tsirowa zai yi? Jira zai yi. Yarinya ta faɗi abin da ta ga ubanta yana yi, an ce mata shirme. In haka bokon yake, daga gobe tana gida.”

Raina ya ɓaci, amma tsoro ya fi yawa, don ba na son rasa yarinyar nan ko kaɗan. Taurin kai kuma ya hana ni ba da haƙuri. Sai na ce a gwada: mu raba filin bayan aji biyu, rabi a yi binne, rabi a jira ruwa, a ga wanda zai ji kunya. A zuciyata na riga na san shi ne zai ji ta. Dattijon ya amince ta ci gaba da zuwa har ruwa ya sauka ya raba gardama.

Hedimastanmu, wanda shi ma manomi ne, yana tsaye yana jin mu, yana ta danne dariya. Da baƙon ya tafi ya ce mini, “Ka yi gwajinka, amma jadawali ba zai motsa ba. Mai duba makarantu in ya zo, manhaja zai tambaya, ba gero ba.”

Na ce, “To, ranka ya daɗe.”

Wannan sharaɗi ne ya koya mini aikin malanta. Tunda ba ni da lokacin gona daban, sai na cusa gonar cikin darussan da ke akwai. A lokacin lissafi muka auna filin da igiya da rula, muka yi binne a rabinsa, muka ƙirga ramuka. A lokacin Hausa na ce kowa ya tambayi manyan gidansu yadda ake binne, ya rubuto abin da aka faɗa masa. Yaran da a da sai na yi da gaske suke buɗe baki, suka addabe ni da tambayoyi. Me ya sa irin ba ya ruɓewa? Tururuwa fa, ba ta kwashewa? Wani ya ce zabi ne manyan ɓarayi, aka yi ta musu har aka buga ƙararrawa. Mafi yawan tambayoyin ban san amsarsu ba, a nan na koyi cewa, “Ban sani ba, mu duba.” Da farko faɗin haka yana yi mini ɗaci.

Yarinyar ce ta kawo tambayar da ta fi kowace. Ta ce, “Malam, in yayyafi aka yi kawai, sannan ruwa ya ɗauke fa?” Muka samo gwangwanayen madara, muka cika da rairayi, muka binne iri. Nata ta ɗan yayyafa masa ruwa sau ɗaya ta bar shi a taga. Ya tsiro kuwa, bayan ƴan kwanaki ya bushe ƙayau. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, “Ashe littafin ma yana da tasa gaskiyar.”

Da ruwa ya tashi sauka, sai ya sauka da ƙarfi. Muna cikin shuka rabin da ya jira, ɓangaren binne ya riga ya fara huda ƙasa. Cikin mako guda ya yi kore shar, nawa kuwa yana leƙowa kamar mai jin kunyar suruki. Yara suka yi mini dariya son ransu, ni ma na taya su.

Dattijon ya dawo. Ya zagaya filin, sannan ya shigo aji. A gaban ɗalibaina na ce, “Baba, na yi kuskure, a yi mini afuwa.” Ya gyaɗa kai kawai, bai ce ƴarsa ta ci gaba da karatu ba, bai ce ta daina ba. Sai na ce wa yarinyar ta karanta masa abin da ta rubuto daga gida.

Ta miƙe ta karanta: yadda ake zaɓen iri tun daga zangarniya, zurfin rami, irin ƙasar da ke karɓar binne da wadda ba ta karɓa. Dattijon ya sauke sunguminsa.

Ya ce, “Wannan ai maganata ce.”

Ta ce, “Taka ce, Baba.”

“Yanzu tana cikin takarda? Ko ba na nan za a iya karanta ta?”

Ta ce za a iya. Ya goge fuska da hannun riga, sannan ya nemi bakin benci ya zauna kusa da ita.

Ya ce, “To ai kin bar abubuwa da yawa. Ɗauko alƙalaminki. Abin da bai samu shiga yau ba, gobe in kin zo makaranta kya ƙarasa.”