Wanda Pietrzak da Hannun Hagun Leland

Kullum da safe Wanda Pietrzak takan ɗora jakar kayan aikinta a tsohuwar motarta, ta bi unguwannin Chicago duk inda injin finbol, wato akwatin wasan da ake danna maɓalli dama da hagu a buga ƙaramar ƙwallo, ya kwanta ciwo. Kafin ta taɓa komai sai ta zare wuta, ta ɗaga allon wasan, ta cusa hanci ciki. Masu shago suna dariya, ita kuwa ko a jikinta, don kwayil ɗin da ya ƙone ba ya ɓoye wari.

Kwayil naɗin wayar tagulla ne mai fizgar ƙarfe, fiffiken injin ya maka wa ƙwallo duka. Tun tana budurwa ta yi aikin naɗa su a masana'anta, shi ya sa ba ta yarda a jefar da ko ɗaya sai ta gwada shi. Watan nan za ta ajiye aiki, kuma gaskiya muna jin zafin rabuwar.

Ku tambayi zauren tsofaffin direbobin bas. Abokinsu Leland ya yi shanyewar ɓarin jiki, likita ya ce ya riƙa motsa hannun hagu, shi ne ya koma finbol, wasan da ya fi so. Amma duk bugun da ya yi da hagu, ƙwallon sai ta ɗan hau ta gangaro. Ya ce hannun ya mutu, ya daina wasan, ya daina zuwa gashin ƙashi. Abokan suka kira Wanda, suka jawo shi dole.

"Kada ki wahalar da kanki," in ji Leland. "Ni ne na lalace."

"Kai dai tsoho, zauna. Da ka yi direba, fasinja ne ke gaya maka hanya?"

Ta shinshina injin, ta tura ƙarfen fiffiken hagu da yatsa ta ji yana cijewa. Ta cire waya ɗaya, ta ɗora mitar gwajin wuta a kwayil na dama, sannan na hagu, ta juyo masa da fuskar mitar.

"Duba da idonka. Na hagun ya dahu daga ciki. Maɓallin nan bai san ƙarfin yatsa ba, taɓawa kawai yake so."

Ta sa sabo, ta matsa gefe. Leland ya ɗora yatsansa na hagu, ya danna. Ƙwallon ta tashi har ƙarshen allo, ƙararrawa ta ɗauka. Tsohon ya tsaya yana kallon hannunsa, hawaye na zuba.

Ke ce, Wanda, mai bincike kafin hukunci. Ke ce ba ki ɗora laifi inda babu shi. Mun gode. Masu tasowa, ku koyi gwadawa kafin ku ce abu ya mutu.

Leland ya koma gashin ƙashi. Ranar walimar sallamarta, da hagu ya miƙa mata kofi, bai zubar ba.