Zabin Inna da Jirgin Feshi

Lokacin da aka kawo ni gidan miji a Illela ba a daɗe da samun mulkin kai ba, kuma abin da ake kira filin jirgi a bayan unguwarmu wani fako ne kawai da aka share. Ƙaramin jirgi ke sauka can jefi-jefi, mai feshin jan-baki, tsuntsayen nan masu cinye gero tun yana tsaye a gona. Daga baya hukuma ta ce a faɗaɗa filin domin jiragen su ƙaru. Aka yi ta sara ana daɓe har bakin filin ya kusa taɓa dangarmu.

Ni kam murna na yi, ba zan ɓoye ba. Leburori suka cika wurin, ga direbobi, ga masu gadi, har mutanen Ƙwanni suna tsallako iyaka don kallon jirgi, su ci abinci su biya da sefa. Ina suyar waina a cikin gida, wata dattijuwa maƙwabciyarmu tana fitar musu da ita. Tandata ba ta hucewa. A shekarar nan na fara sayen atamfa da gumina, ban tambayi kowa ba, kuma na sha yanga da ita a gidan suna har sai da aka gaji da ni.

Wadda abin bai yi wa daɗi ba ita ce surukata, wadda duk gidan muke kira Inna. Tana da zabi, irin da ta taho da su daga gidan mahaifiyarta a Kalmalo tun aurenta. Ba ta sayar da su. Ƙwansu kuwa na mai jego ne da marar lafiya, duk unguwa an san da haka. Zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, saboda haka kowace damina Inna takan tattara ƙwan ta sa wa kaza, kazar ta ƙyanƙyashe ta yi reno. Da haka irin ya daɗe a hannunta.

To, kaza ba ta san ci gaba ba. Da jirgi ya taso ya bi ta kan rufinmu, sai ta yi fir ta bar ƙwan, ta shige ƙarƙashin rumbu, ba ta fitowa sai sun yi sanyi. Kwancin farko duk ya zama baragurbi. Inna ta sa ƙusa da gawayi a ƙarƙashin na biyu, yadda ake yi don kada tsawa ta ɓata ƙwai. Ta lulluɓe akurkin da tsohon bargo. Shi ma haka ya lalace. Manyan zabin kuma suka riƙa bazama daji in sun ji ƙara, wasu ba su dawo ba.

Mijina, da yake ɗan kasuwa ne mai ganin komai na sayuwa, ya ce zai sayo mata wasu ran kasuwa. Kallo ɗaya ta yi masa ya tuna yana da wani aiki a waje.

Ni Inna ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, kuma wannan ya fi damuna. Ƙarar da ke sa ni ƙara wuta a murhu ita ce ke sa ta tashi da sauri ta nufi akurki. Wani lokaci sai in kama kaina ina murmushi, in ɗago in ga tana kallona. Kunya ta riƙa kama ni a kan abin da ba ni na yi ba.

Da damina ta kusa ƙarewa, ƙwan da suka rage ba su cika tafi biyu ba. Wata safiya ta jera su cikin ƙwarya a kan ƙaiƙayi, ta ɗora a ka, ta saƙale kazar a hammata, ta kama hanyar Kalmalo da ƙafa, wai mota za ta girgiza su. Ta ce gidan ƙanwarta za ta, in sun ƙyanƙyashe ta dawo.

Sun ƙyanƙyashe kuwa, kusan duka. Sai dai zabi inda suka tashi nan suka sani, in ka ɗauke su sai su watse. Dole Inna ta zauna can tare da su. Ta riƙa zuwa mana da rani, da an yi ruwan fari ta koma. Sannu a hankali zuwan ya zama na yini.

Na yi kewarta ƙwarai. Gidan ya cika da ciniki, amma babu mai leƙa ƙulluna ta ce ya yi tsami. Da na samu cikin fari, na sa mijina ya kai ni wurinta. Na same ta a bakin tafki tana watsa wa zabi tsaki, ta yi ƙiba, har wani haske ta yi. Na durƙusa na gaishe ta, na roƙe ta ta dawo gida, na ce in ma wainar ce ba ta so zan bari.

Ta yi dariya har sai da ta dafa ƙugu.

"Ki bar waina don mi? In kin bari jirgin ya bar tashi? Riƙe tandarki, ɗiyata. Ke ya ba ki sana'a, ni ya maishe ni garin uwata. Ran da kin haihu ni ka zowa da ƙwai."

Tun da aka kawo ni gidan, "yarinyar ga" take ce mini. Ran nan ta fara kira na ɗiyarta, kuma da kuka na iso Illela.