Yinin da Munka Kai Nomau Garinsu

Na yi shekaru ina dafa wa ɗiyan lakwal, wato 'yan makarantar boko, tuwo a ƙasar Madawa, tun ina sauke babbar tukunya ni kaɗai har gwiwa ta gaza. Da yawa daga abin da na gani ya dushe, amma yinin da munka kai Nomau garinsu bai taɓa barin raina ba. Ku masu girkin lakwal na yanzu, da ku samarin da ke jagoran 'yan sikut, ku zauna ku ji. Ban yi karatu ba, don haka ba zan ce muku shekara kaza ba ce. Lokacin yaƙin Turawa ne, sa'ad da ake kwasar samari soja, ana bin gida-gida ana karɓar hatsi.

A wancan zamani ba uba ke kai ɗansa lakwal ba. Kumandan, Baturen mulki, shi ke aika wa sarki yana son yara, sarki ya aika wa masu gari, gardi, ɗan sandan kumandan, ya zo bisa doki ya tasa su gaba. A lakwal suke kwana, a nan suke ci. Wanda ya gudu, ubansa ke shan wuya.

Wani malami, Mushe Bernar, mutumin Dahome, shi ya kawo mana sikut. Ya sa anka ɗinka wa yara gajeren wando da taguwa na kaki, da ƙyalle a wuya, kowa da doguwar sanda. Ya raba su rukuni-rukuni, kowane da sunan dabba da shugaba mai usur. Kafin a ɗaura wa yaro ƙyallen sai ya ɗaga yatsu ya yi alkawari: ba ya ƙarya, kuma kullum zai yi wa wani aikin alheri. Da farko na ɗauka wasan banza ne. Daga baya na ga suna share kasuwa, suna gyara wa tsofaffi darni, suna cika mini randuna ba tare da na ɗaga murya ba. Sai na bar gunaguni.

Nomau ne shugaban rukunin Barewa. Ɗan wani ƙauye ne bayan Tama, ba zan faɗi sunan garin ba. Shekararsa ta farko ya gudu gida, anka kamo shi, anka ɗaure ubansa a rana. Tun daga nan in hutu ya zo kowa ya tafi, shi a bar shi. Uban ya rasu bai je ba. Da Mushe ya ga ya natsu, ya yi masa alkawari cewa fitar sikut ta bana garinsu za a yi, a share gari, a gyara bakin rijiya, a kwana. In ya je ya dawo da ƙafarsa, to daga nan ya riƙa zuwa hutu kamar kowa.

Yaron nan ya kasa zama wuri ɗaya. Kullum yana bakin murhuna.

"Iya, in kin ɗanɗana miyar Innata, sai kin aje aiki don kunya."

"Kai, ɗan nema. Wa ya kankare mini gindin tukunya jiya?"

"Yunwa ce, Iya, ba daɗi ba."

Na bi shi da muciya.

Da bazara munka tashi, kafin ruwa ya sauka. Ni na bi su da jaki da tukwane, don cikinsu akwai ƙanana. Ƙa'ida kuwa ita ce ɗiyan lakwal ba su fita gari sai da gardi, saboda haka anka haɗa mu da Gardi Sambo, mai jar dara da bulala. Shi ne kuma tafintan Mushe, don Hausar Mushe ba ta wuce gaisuwa ba. Mun kwana a hanya. Washegari da hantsi munka hango garin a gindin dutse, da manyan rumbunansa na laka. Mushe ya ce a yi layi. Anka ɗaga tuta, anka busa usur, sunka shiga suna waƙar Faransanci suna buga ƙafa, gardi na biye bisa doki.

Tun a bakin gari na ga ba lafiya ba. Baƙi su shigo da waƙa, a ce ba yaro ko ɗaya da ya fito kallo? Sai kaji da tsofaffi. Maigari ya zo ya durƙusa gaban dokin gardi, ba gaban Mushe ba.

"Ina ɗiyan garin?" in ji Sambo.

"Ranka shi daɗe, sun tahi kiwo."

"Duka? Har masu rarrafe?"

Da anka juya wa Mushe maganar, ya yi murmushi ya ce ba komi, za mu jira su. Da marece za a hura wuta a yi musu waƙa da wasa, ai dominsu anka shirya. Ya raba aiki, yara sunka kama shara, wasu sunka nufi rijiya.

Ni na bi Nomau gidansu, in nemi wurin kafa murhu. Yana gaba yana sauri, har ya manta da ni. Muna shiga munka tarar da uwarsa zaune a tsakar rana, ta jingina baya da rumbu, ga inuwar itacen bedi kusa da ita ba kowa. Ya durƙusa.

"Inna, ni ne."

Ba ta ɗago ba. Ta ce wa ɗanta, "Sannu da zuwa, Mushe," kamar mai gaida ma'aikacin Turawa.

Na san kunyar ɗan fari, ni ma na yi ta. Mace ba ta kiran sunansa, ba ta nuna murna gaban mutane. Wannan ba ita ba ce. Idonta na kan usur ɗin da ke rataye a ƙirjinsa.

"Inna, ina Arzika?" Ƙanensa ke nan, wanda ya bari yana goye.

"Ya tahi kiwo."

Sai munka ji tari, ƙarami, daga cikin rumbu.

Ga waɗanda ba su san rumbun ƙasarsu ta Adar ba: na laka ne, ya fi tsawon mutum biyu, bakinsa a sama yake, an kife shi da murfin ciyawa. Da bazara hatsi ya yi ƙasa. Wanda anka zura ciki ba ya fita sai an ciro shi. Mutanen ƙauye sun saba, in an hango masu kamun lakwal, a zura yara ciki a rufe, har doki ya wuce. Abin ɗan lokaci ne. Ba a taɓa yin sa don baƙin da za su kwana ba.

Nomau ya juyo, fuskarsa ta canza. Ya ce mini a hankali, "Iya, cikin wanga rumbu anka ciro ni. In rana ta take, awa tukunyarki ce bisa wuta."

Uwar ta dube ni, ba shi ba. "Baiwar Allah, yaushe za ku tahi?"

Na ce, "Sai gobe."

Ta ɗora hannu biyu a ka.

"Inna, ba kamu munka zo ba," in ji shi. "Wallahi shara munka zo yi."

"Da gardi?" Abin da ta ce ke nan.

Na auna abin a raina. A ciro yara, Sambo ya gan su, ya kai sunan kowane gida gaban kumandan. A faɗa wa Mushe gaskiya, ta bakin wa? Ko da yaron ya faɗa masa da Faransanci, Mushe mutum ne da ba ya ɓoye magana, in an tambaye shi yadda tafiya ta kasance zai faɗa. A yi shiru kuwa, ga rana tana hawa, kuma ba rumbu ɗaya ba ne. Duk gidan da na leƙa a hanya akwai mace zaune a rana.

Muna cikin haka Sambo ya shigo, wai dokinsa na son hatsi. Ya zagaya rumbun yana ƙwanƙwasa shi da gindin bulala.

"Wanga da ji cike yake. A kawo tsani." Ya juyo gare ni yana dariya. "Iya, duk shekarunki na girki, kin taɓa jin gero ya yi tari?"

Na ce, "Ni kunnena ya tsufa."

Kafin a kawo tsanin sai ga Mushe, da fara'arsa, ya riƙo goro a ƙunshe. Ya zo gaida uwar shugaban Barewa. Ya dafa kafaɗar Nomau ya tambaye shi ko ita ce wannan.

Yaron ya miƙe ya haɗa ƙafa yadda anka koya musu. Ya yi magana da Faransanci. Na ga Mushe ya cire hula. Sambo ya dubi yaron, ya dubi matar, ya daɗe yana duba, don makaho ne kaɗai ba zai ga kamanninsu ba. Sannan ya juya maganar da ƙarfi, kowa ya ji.

"Wai uwatai ta rasu tun damana, yanzu ya ji. Wagga maƙwabciya ce. Wai ba shi iya ƙara zama garin nan ko kaɗan, a yi mai rai a tashi."

Matar ba ta motsa ba.

Mushe ya busa usur, yara sunka bar tsintsiya sunka cika gidan. Ya ce ba waƙa, ba wasa, ba a yin haka inda ɗan'uwa ke kuka. Ya ce tun da su Musulmi ne, a yi wa mamaciya addu'a yadda sunka saba. Sambo ya ɗaga hannu, munka ɗaga. Yana gamawa ya ce, "Allah shi jiƙanta." Kowa ya amsa. Sai ya karkato kai wajen matar.

"Ke, maƙwabciya, ban ji naki ba."

Ta shafa fuska. Ta ce, "Amin."

Yara sunka bi layi suna ba Nomau hannu, suna "Ya haƙuri, ya haƙuri." Wani ƙarami har yana kuka. Sambo ya ce ai doki bai ci ba tukuna. Ranar na fara jin Mushe ya daka wa mutum tsawa. Ya nuna masa ƙofa, ya ce kowa ya fita daga gidan nan. Ya aje goron gaban matar, ya ce a gode mata da ta kula da marigayiya.

Munka tashi rana tsaka, ban ko hura wuta ba. Nomau na gaba riƙe da tuta, gardi na gefensa, bai waiwaya ba. Da munka hau tudu na tsaya kamar ina gyara igiyar jaki. Daga can na hango mata bisa tsani, murfin rumbuna na faɗowa ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ana miƙo yara, ana gudu da tuluna.

Da munka yada zango a inuwa ya zo kamar zai sha ruwa.

"Iya, an buɗe?"

"An buɗe."

"Namu fa?"

"Na ga an ciro shi. Na ga ana zuba mai ruwa."

"Ya tsaya da ƙafatai?"

"Nisa ya hana ni gani."

Ya so in ce i. Ban ce ba, don ban gani ba.

Sai bayan kasuwa biyu ko uku na samu wata mai sayar da kaba daga wajensu. Ta ce Arzika ya tashi. Amma a wani gida can ƙarshen gari an ciro wata yarinya da ba ta farfaɗo ba. Sambo kuwa bai kai magana gaba ba. Ko tsawar Mushe ce ta ɓata masa rai ya ƙi, ko maigari ya san yadda ya yi da shi daga baya, Allah masani.

Mushe ya cika alheri irin nasa. Tun da yaro ya zama maraya, ya ɗauke shi gidansa. Hutu ya zo, kowa ya tafi, Nomau na sharar tsakar gidan Mushe. Ba halin ya janye magana, don za a tambaye shi dalili, dalilin kuwa yana da gidaje da sunaye. Na aiki mai kaba ta tambayi uwar ko tana da saƙo. Ta dawo ta ce, "Ta ce ki ce mai ba ta yi hushi ba. Amma kada shi komo muddin akwai ƙanana a gidan."

Na faɗa masa duka biyun, ban rage ba. Ya ce, "To, Iya." Ya ɗauki akushinsa ya koma cikin 'yan'uwansa. Bai sake tsokanar miyata ba. Shekarar da ta biyo anka tura shi babbar lakwal a Yamai, daga nan labarinsa ya yanke mini.

Ba na zagin Mushe Bernar. Cikin malaman da na yi wa aiki ba wanda ya kai shi son yara, kuma abin da ya koya musu mai kyau ne. Amma ya shirya alherinsa shi kaɗai a ɗakinsa, bai tambayi kowa yadda kaki da usur da jar dara suke a idon wanda ke hango su daga bisa dutse ba. Mutane ba zuciyarka suke fara gani ba, kayan jikinka suke gani da wanda ke tafe bayanka. Yaran da ke hannunku kuma, kowane akwai gidan da ya baro, kuma ya san abin da ba ku sani ba game da shi. Ku tambaye su, ba gaban mai bulala ba.

Tun daga wannan fita, duk lokacin da anka ce za a kai yara wani gari aikin alheri, tambayata ɗaya ce: an aiki mutum da rigar gida ya je ya faɗa musu, sun kuma ce a zo? In an ce a'a, sai in ce su nemi wata mai tuwo.