Naman Kaza Mai Haske a Ɗankwalin Kaka

A watan Agusta na shekarar da nake aji biyar, ruwan sama ya koro ni daga gonar cittarmu da rana tsaka, na faɗa bukkar da muke tara itace a bayan gidanmu na Kafanchan, na jawo ƙyaure. Da idona ya saba da duhu sai na hangi wani koren haske ɗigo-ɗigo a jikin ruɓaɓɓen kututturen mangwaro. Naman kaza ne ƙanana, kowanne bai fi farcen yatsana ba. Na ruga na jawo Kaka Saratu, mahaifiyar babanmu. Ta duba, ta kama kunnena ta ce kada in kuskura in faɗa wa kowa, domin a ƙauyensu wutar mayu ake kiransa. Ta san abin da take tsoro. Zargin maita ne ya raba ta da ƙauyen bayan rasuwar mijinta, ta dawo wurinmu.

Amma Kakar da ta hana ni magana, ita ta fi ni zarya a bukkar. Gwanar ɗinkin hannu ce, duk matashin kai na gidanmu da furenta a jiki. Ta warware tsohuwar rigar sanyina ta makaranta don ta samu koren zare, ta nemo baƙin ƙyalle. Idan mun gama shara da kankare citta, sai ta shiga ta rufe, ta ƙare wa abin kallo, ta fito inuwar gwaiba ta ɗinka siffarsa a ƙyallen, ni ina zura mata zare a allura. Ban taɓa ganinta cikin farin ciki irin na kwanakin nan ba, har waƙoƙin coci take rerawa da yarensu.

Ni kuwa cikina ba ya riƙe magana. A wurin carafke na raɗa wa ƙawata Rifkatu, kafin mako ya zagayo unguwa ta ɗauka. Matan da ke turo 'ya'yansu koyon ɗinki wurin Kaka suka janye su, kunun da Kaka ke aika wa maƙwabta ya fara dawowa ba a taɓa ba. Baba ya ƙone kututturen. Kaka ta daina fita, amma ba ta ajiye allura ba.

Ranar Lahadin godiyar girbi ta ɗaura ƙyallen nan a ka, ta ɗauki kwandon citta, ta taka rawa har gaban bagade. Da aka tashi, shugabar zumuntar mata ta tare ta tana tambayar wane fure ne wannan.

"Shi ne wutan da kuna faɗi," in ji Kaka. "Allah ya yi abinshi a itace, ni na kwafa kawai. Taɓa, ba ya ƙuna."

Matar ta miƙa hannu ta taɓa. Wasu suka dawo da 'ya'yansu, wasu kuma ba su sake gaishe ta ba.

Yanzu ina da shagon ɗinki kusa da kasuwa. 'Yanmata na kawo hoton irin wannan naman kaza a waya, su ce in zuba musu a riga, babu mai tsoro. Nakan yi, amma ina kewarta ƙwarai. Mu biyu kaɗai muka san sirrin bukkar, duk da haka ba ta taɓa tambayata wa ya fitar ba. Na sha shirin ba ta haƙuri ina cewa sai gobe, har ta rasu ina sakandare. Haƙurin nan yana bakina har yau.