Bai Kai Ba, Ƙara Masa

Idan ka kai wa Waƙa Uku ɗinki ka tambaye shi yaushe za ka dawo, ba zai dubi agogo ba. Zai murza yadin tsakanin yatsunsa ya ce, "Wandon nan waƙa uku ne, je ka ka sha iska." Riga waƙa biyar ce, canjin zif rabin waƙa, kuma ba ya saɓawa. Waƙoƙin nasa irin dogayen nan ne na da, masu jagora da 'yan amshi, waɗanda guda ɗaya kan ci minti ashirin ba ta gaji ba. Daga nan sunan ya kama shi, har matarsa ma da shi take kiransa in ta so tsokana.

Shekara ashirin da shida ya yi a kusurwa ɗaya ta shagon, gindin taga, a kan keke mai feda. Rikodarsa na kan kanta a saman kansa, an ɗaure murfinta da roba. Da kiɗa ya tashi ƙafarsa ke hawa feda, kiɗa ya yi sauri keke ya yi sauri, ya lafa ya lafa. To amma shago ne mai kekuna huɗu, ga titi a bakin ƙofa, saboda haka sai an ƙure wa rikodar murya kafin ta iso kunnen mai ita. Sauran teloli sun daɗe da saduda. Wasunsu sun haddace waƙoƙin ba da son ransu ba.

Mai shagon shi ne Almakashi, wanda ya girme shi da shekara takwas. Ba ya ɗinki, awo da yanka ne aikinsa, kuma mutum ne da in zai yi magana sai ka matso, don muryarsa ba ta wuce teburinsa. Tare suka buɗe shagon, tare suka yi furfura. Sai hawan jini ya kwantar da Almakashi sati uku, ya dawo da ciwon kai wanda hayaniya ke tayarwa. Ya daure kwana goma. Ran na sha ɗaya ya yanka wa riga hannuwa biyu duk na hagu, abin da bai taɓa yi ba tun yana koyo.

Da sauran suka fita cin abinci ya kira Waƙa Uku.

"Ƙanena, kan nan nawa ya daina ɗauka. Keke dole ne, titi kuma ba nawa ba ne. Rikodar nan ce kaɗai zan iya cewa a kashe."

"Yaya, ai ka san ƙafata ba ta tafiya sai da ita."

"Na sani, shi ya sa na ba ka zuwa ƙarshen wata. Ko ta bar shagon ita kaɗai, ko ku bar shi tare."

Maganar ta yi wa Waƙa Uku ciwo, ba don ba gaskiya ba ce, sai don gaskiya ce. Ina mutum mai shekara hamsin da bakwai zai kai kekensa ya fara gaisawa da sababbin fuskoki? Washegari ya gwada aiki shiru. Kafin azahar ya ɗinke bakin aljihu, ya warware, ya sake ɗinke shi. Ya koma gida fuska a murtuke, abinci ma sai da matarsa ta yi da gaske.

Babbar 'yarsa ce ta kawo dabara. Ta zuba masa waƙoƙin duka a waya, ta ba shi 'yan ƙananan abin sawa a kunne irin na samari. Ko wuni ba su yi ba. Da ya sunkuya zai zura zare sai ɗaya ya faɗo, ga ramin kunne na zafi. Sai ta ja shi zuwa wani shagon kayan sauti, wurin wata mata mai haƙuri, ta ce a ba shi babban hedifon mai rufe kunne.

Nan fa telanci ya cuce shi. Matar ta jera masa kala-kala, idonsa ya sauka kan wani mai raga a bayansa. Duk tela ya san kaya mai shan iska shi ne kaya. Matar ta buɗe baki za ta yi bayani ya ɗaga mata hannu.

"'Yata, shekara talatin ina zaɓen yadi. Wannan zan ɗauka."

A shagon matar, inda babu ƙarar komai, abin ya yi daɗi ƙwarai. A shagon ɗinki kuwa sai ragar ta zama ƙofa a buɗe, ƙarar kekuna ta shiga, waƙa ta fita. Ya ƙara murya don ya ji, sai shagon ya cika da wani siririn zizi kamar na sauro, wanda ya fi rikodar ma cin rai. Almakashi ya ɗauki kujerarsa ya koma waje ya dafe kai. Wannan fitar ta fi zagi zafi.

Da yamma Waƙa Uku ya koma wurin matar tare da 'yarsa, girman kan ya bari a gida.

"Baba, da ka bari na gama magana," in ji ta tana murmushi. "Mai ragar na wanda ke zaune shi kaɗai a ɗaki ne. Kai mai rufaffen baya kake so. Na ciki ba ya fita, na waje ba ya shiga sai kaɗan."

Ta miƙa masa ɗaya, ya juya shi a hannu, ya ƙwanƙwasa bayan da farce. "Wato wannan riga ce mai shafi."

"To ka ga ka fi ni iya faɗa."

Wannan karon bai yi gaggawa ba. Ya gwada biyar. Ɗaya ya matse masa ƙafar tabarau a bayan kunne, ya ajiye. Ɗaya nauyi, wuyan mai sunkuye duk yini ba zai ɗauka ba. Wani kuma gangar cikinsa ta danne muryar mawaƙi, ya ce shi ba wurin daka ya zo ba. Mai caji kuwa ko taɓa shi bai yi ba, ya ce ba ya son abin da zai mutu masa a tsakiyar wando. Ya tsaya a kan wani baƙi mai waya, mai soso mai faɗi da ke zagaye kunne duka. Ya sa, ya kunna, ya ce wa 'yarsa ta matso da kunnenta. Ta girgiza kai, ba ta ji komai ba. Matar ta tafa hannu a bayansa, bai ko waiga ba.

Zama da shi ma sai da aka koya. Soson ya tara masa gumi, sai ya yanko guntun yadin auduga ya ɗinka masa 'yan riguna, kala uku, yana wanke su duk mako. Wayar ta taɓa naɗewa a bel ɗin keke ta fizge masa kai, har tabarau ya tashi sama. Sai ya ɗinka 'yan madaukai a cikin rigarsa ta aiki ya bi da wayar ta nan. Masu kawo ɗinki su yi ta sallama ba amsa, sai ya rataya madubi a jikin taga yana hango ƙofa.

Abin da bai zata ba shi ne abin da ya tarar a cikin waƙoƙin. Shekara da shekaru yana jinsu ta bakin rikoda mai mura, ashe rabi yake ji. Yanzu har numfashin mawaƙi yana ji kafin ya ɗauki baiti. Ashe akwai wani ɗan kiɗa siriri can gefen hagu da bai taɓa sanin da shi ba, ashe a cikin 'yan amshi akwai wani mai makara kullum. Ranar farko sai da ya cire tabarau ya goge ido don murna. Kuma ba ya buƙatar ƙure murya, kaɗan ta ishe shi. Ƙafarsa ta dawo, ɗinki ya miƙe sumul.

Almakashi ya zo sau ɗaya ya sunkuya dab da kunnensa, ya saurara, ya koma teburinsa. Bai ce ya yi ba, bai ce bai yi ba. Waƙa Uku ya ci gaba da lissafin kwanakin da suka rage.

Sai dai akwai abin da mai rufaffen baya ke yi wanda ba wanda ya gaya masa. Yana toshe wa mutum har muryar kansa. Da, in bakinsa ya fara bin waƙa yakan ji ya kama kansa, don ya san Allah bai ba shi murya ba. Yanzu ba ya ji. Kuma ba baitin yake bi ba, amshin kawai. Shago ya yi tsit sai ƙarar kekuna, can sai a ji daga kusurwa an rangaɗa amsar maganar da ba wanda ya ji an yi. Teloli suka yi ta cizon leɓe, ba wanda ya tona, don nishaɗin kyauta ba a kan kore shi.

Ana saura kwana biyu wata ya ƙare, wani mutum mai tumbi ya zo awon wando. Almakashi ya zagaya masa tef a ƙugu, mutumin ya shanye cikinsa kamar yadda masu tumbi kan yi a gaban tela.

"Arba'in da biyu," in ji Almakashi a hankali.

Daga kusurwa murya ta tashi: "Bai kai ba, ƙara masa."

Shekara ashirin da shida ke nan in Waƙa Uku ya dubi ƙugun mutum ya yi gyara, gyaran nan daidai ne. Almakashi bai ko juya ba, ya ce, "Arba'in da uku."

"Bai kai ba, ƙara masa."

Almakashi ya rubuta arba'in da huɗu. Mai tumbi ya harari kusurwa, ya ga ko kallonsa ba a yi, ya fita yana huci. Teloli suka danne dariya har aka shimfiɗa yadin, aka ja alli, aka yanka. Sai da almakashi ya kai ƙarshen ƙafar wando sannan ɗayansu ya kasa, ya kife a kan kekensa, sauran suka bi.

A madubi Waƙa Uku ya hango su. Ya cire hedifon. "Lafiya?"

Suka ba shi labari, wani na karɓewa daga bakin wani. Amshin waƙa ne aka yanka wando da shi. Kuma ba yau ya fara ba, sati biyu da kwana uku ke nan yana yi musu. Ya dubi Almakashi, ya ga yana kallon yadin da aka riga aka yanka, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Kunya ta rufe shi, tsoro ya biyo baya. Shiru aka nema a wurinsa, ga shi ya maye gurbin rikoda da maƙogwaronsa, ya kuma jawo an ɓata yadin mutane.

Wandon ya faɗo hannunsa. Ya mayar da hedifon, ya ɗauki wani babban maɓalli ya riƙe tsakanin leɓɓansa don kada baki ya sake cin amanarsa, ya ɗinka shi ɗinkin da bai taɓa yi wa wando ba. Ya ce a ransa in tafiya ce, to a tafi da mutunci.

Ranar ƙarshen wata ya zo da kwali. Ya zuba zarurrukansa da kwalbar man keke a ciki, ya tura ƙarƙashin kujera. Da hantsi sai ga mai tumbi, har yanzu da sauran fushi. Ya karɓi wandon ya shiga bayan labule. Ya daɗe. Da ya fito sai ya zauna a benci, ya tashi, ya sake zama, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ya saki cikinsa gaba ɗaya.

"Shekara goma rabon da in sami wandon da ya bar ni na zauna," in ji shi. Ya nuna kusurwa. "Wancan malamin ya san aiki. Kallo ɗaya bai yi mini ba, amma ya gane. Ina da yadi uku a gida, gobe zan kawo."

Teloli suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Waƙa Uku na zaune da maɓalli a baki, ya rasa ko ya yi godiya.

Da mutumin ya tafi, Almakashi ya ajiye tef ya tako har kusurwa. Idonsa ya sauka kan kwalin, ya ɗan jima a kai. Sannan ya miƙa hannu.

"Ba ni abin nan. Sati biyu ina jin amsa, ban ji tambaya ba."

Waƙa Uku ya tofar da maɓallin a tafinsa, ya rage muryar sosai saboda ciwon kan, ya ɗora masa. Almakashi ya tsaya tsaye, hannu ɗaya a kan keken. Sannu a hankali goshinsa ya saki. Ya lumshe ido. Yatsansa ya fara bugun ƙarfen keken, shi da aka sani ko a biki ba ya gyaɗa kai. Kekuna suka tsaya ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zuba masa ido.

Can ya buɗe ido ya dubi ƙanen nasa. Ya yi niyyar faɗa masa ne ƙasa-ƙasa, su biyu, yadda ya saba. Amma shi ma ba ya jin muryarsa.

"Fitar da kayanka daga kwalin nan! Ina za ka ka bar ni? Da kai na fara, da kai zan gama!"

Har mai gyaran takalmi na tsallaken titi sai da ya ɗago kai. Almakashi ya ga kowa ya saki baki, ya zare hedifon yana tambayar me ya faru. Waƙa Uku ya sunkuya yana jawo kwalin, ya daɗe a sunkuye fiye da yadda jan kwali ke buƙata.