Jerin Makaɗa a Bayan Ƙofar Inna Smilja

A shekarun da nake ba ku labari, duk saurayin da ke birnin Novi Sad yana yawo da jerin masu buga ganga a kiɗan rok na Turawa a kansa, daga na ɗaya zuwa na goma, kuma a shirye yake ya ɓata da amininsa a kan na uku. Mukan zauna a shagon kofi mu yi ta musu har kofin ya huce. Wani ya ce sauri ne ma'auni, wani ya ce ƙarfin damtse, wani ya rantse cewa wanda ya fi karya sanduna shi ne gwani. Makaɗan Ingila da Amurka muke jerawa, mutanen da ba mu taɓa gani ba sai a bangon faifai. Ni kuwa jerin da ya hana ni sakat na Inna Smilja ne, matar da ko son kiɗan ba ta yi.

Ita ce mai kula da benenmu da ke kusa da kogin Dunav. Ita ke share matakala, ita ke riƙe da makullin ɗakin ƙasa inda a da ake zuba gawayi. Da aka daina zuba gawayin sai ƙungiyoyin kiɗa huɗu, har da tamu, suka raba ɗakin, kowace da ranarta, daga huɗu na yamma zuwa bakwai. Gidanta na daidai saman kanmu, kuma daɓensa katako ne.

A wani ƙauye na yankin Banat aka haife ta. Ta yi shekara ashirin da shida a masaƙar safa tana tsaron injuna goma sha biyu, har ta kai daga bakin ƙofa takan gane wanda ya tsallake zare tun kafin mai gyara ya duba. Kunne ke nan. Jita kuwa, a faɗarta, kukan alade ne ranar yanka. Ta auri Baba Radoje, ma'aikacin jirgin dakon kaya, wanda ya fara ganinta tana wanki a gaɓa ya ɗaga mata hula, aka yi wata uku kafin jirgin ya sake biyowa ya tambayi sunanta. Rabin aurensu yana kan ruwa tana jira. Da ya yi ritaya ya zama nata ita kaɗai, sai ciwon karkarwa ya kama shi.

Vlajko mai jitarmu ne ya fara tsegunta mini cewa tsohuwar tana jera makaɗa da fensir a bayan ƙofar kicin. A lokacin ina da shekara ashirin da uku, sunana Dragisha, kuma hannuna a kan ganga ya fi na kowa sauri a garin, ni na faɗa, ban jira an faɗa mini ba. Wata Laraba da na hau mayar da makulli sai na leƙa. Ba sunayenmu ta rubuta ba, sunayen da ta raɗa mana ne, kowanne da lamba a gefe. A sama akwai Mai Wasiƙa, ashirin da biyu. Sai Ruwan Sama, tara. Sai Dokin Keke, shida. A can ƙasa kuwa an rubuta Tukwane Sun Faɗo Daga Bene, sifiri.

"Inna, wane ne Tukwane?"

Tana yanka albasa, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ran Laraba wa ke ƙasa?"

"Ni ne."

"To ka ba kanka amsa, ɗan nan."

Raina ya yi mugun ɓaci. Mai Wasiƙa ai Zoltan ne, mai raba wasiƙun nan da ke kiɗa ran Alhamis. Mutum ne da zai zauna a bayan ganguna da fuskar mai jiran bas, ya kama taki ɗaya, dum, tas, dum, tas, har a tashi. Bai taɓa zagaya gangunan ya nuna bajinta ba, fayafayan tagullarsa har ƙura suke yi. Kuma ni da kunnena na san takinsa na biyu yana ɗan makara. Na zazzage mata duk wannan, na ƙara da cewa irin kiɗan Zoltan ko jaki aka ba sanduna zai yi. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce in zo gobe ƙarfe huɗu, in kuma cire takalmi a bakin ƙofa.

Na zo, don in samu abin faɗa a shagon kofi. Baba Radoje na zaune a kujerarsa, ƙaton mutum da ciwo ya rage, hannayensa na rawa a kan gwiwa. Ciwon ya fi cin ƙafafunsa. Idan ya miƙe sai su kafe a daɓe kamar an liƙa su, ransa na son tafiya, su sun ƙi. Daga kujerar zuwa taga taku goma sha ɗaya ne, kuma ta tagar ana hango wani siririn yanki na Dunav a tsakanin gidaje biyu.

Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna Zoltan ya fara kiɗa a ƙasa, sai katakon ya fara motsi a ƙarƙashin tafin ƙafata. Jita da waƙa ba sa hawowa sosai, sai dai gangar ƙafa da ƙaramar gangar, a hankali, kamar wani na numfashi a ƙarƙashin gidan. Inna Smilja ta goge hannu, ta sa tafinta ƙarƙashin gwiwar hannunsa. Ya miƙe. Ya tsaya yana saurare da ƙafafunsa. Sai ƙafar dama ta ɗaga.

Har yau idan na rufe ido ina ganin yammacin nan. Hasken kogi na wasa a silin, ƙamshin furen bishiyoyin titi na shigowa, miyar wake na tafasa can a kicin, tsofaffi biyu suna ratsa ɗaki kafaɗa da kafaɗa kamar masu shiga fili a ranar biki. A taga ya tsaya. Wani jirgi na wucewa, ya faɗi sunansa da inda ya nufa, murya ƙasa-ƙasa, ta ce masa ƙarya yake, wancan jirgin an daɗe da sayar da shi. Suka yi dariya. Suka juyo, ya dawo ya zauna. Taku ashirin da biyu, lambar Mai Wasiƙa ke nan.

Ta dube ni ta ce ran Laraba kuwa ko cokali ba ya iya kaiwa baki. Na sa takalmina na fita. Gani ya kori ji, amma girman kai bai bar ni na amsa laifi ba, na dai daina zancen jerin a shagon kofi.

Da bazara ta ƙare, surukin Zoltan ya samo masa aiki a wata masana'anta a Jamus. Ya tattara ya tafi da matarsa. Kafin ya tafi ya naɗa musu kiɗansa a kaset, aka ajiye rediyo a ƙasa don katako ya ɗauka, amma Baba Radoje ya yi taku uku ya kafe. Ruwan Sama da Dokin Keke suka yi iya yinsu, ba su kai shi taga ba. Mako biyar bai ga kogi ba. Ƙafafunsa suka fara kumbura.

Ɗansu Stevan ya zo daga Belgrade da wata likita. Ba mugun ɗa ba ne, tsoro yake ji, don ya ga uwarsa tana ɗaga mutumin da ya ninka ta nauyi. Likitar ta ce za ta dawo Juma'ar ƙarshen wata. Idan tsohon bai iya tashi ya taka ba, zama a gida ya ƙare, sai gidan kula da tsofaffi, inda ake barin mata su ziyarci mazansu ran Lahadi. Inna Smilja ta riga ta yi rabin rayuwarta tana jiran mutumin nan, ba ta da sauran jira a jikinta.

A Larabar da ta biyo baya ta sauko ɗakin ƙasa, karo na farko tun da muka san ta. Vlajko ya kashe taba da sauri. Ta dubi kwalayen ƙwai da muka manna a bango don rage ƙara, ta dubi gangunan, sannan ta dube ni.

"Tukwane, kiɗan nan da ka ce ko jaki zai iya. Kai ka iya?"

Na ce mata wannan ai wasan yara ne. Na karɓi makulli na kullum. Na cire agogona na ɗora a kan ganga, na kama taki daidai da tafiyar daƙiƙa, ba gaba ba baya, taki mai tsabta irin wanda Zoltan bai taɓa yi ba. Na hau da fara'ata, ta ce taku huɗu ya yi. Washegari uku. Jibi biyar. Kwana takwas ina wannan, Juma'a na matsowa, har na fara jin haushin tsohon, Allah ya yafe mini. Na ce mata kiɗana babu kuskure ko ɗaya, in akwai matsala to a sama take.

Ta daɗe tana kallona kamar injin da ya tsallake zare.

"Kai ka taɓa jin mu kuwa? Zoltan yana jin mu."

Washegari na mayar da agogon aljihu. Na shimfiɗa tsohon bargo a kan ƙaramar gangar, na sassauta ƙafa, na yi kiɗan a hankali har na fara jin abin da ke sama da kaina. Katako ya yi ƙara, ya miƙe ke nan. Ƙafar dama ta sauka da wuri. Ta hagu kuwa sai ta ja ƙasa, shuuu, ta iso a makare. Da agogo, ni nakan riga ta isa, in wuce in bar ta, ita kuma ta rasa inda za ta sauka ta kafe. Makarar nan da na yi shekara biyu ina yi wa Zoltan dariya a kanta, ashe jiran ƙafar hagu yake yi. Kunya ta rufe ni ni kaɗai a cikin ɗakin gawayi. Na jira ta. Ta sauka, na buga. Ranar ya yi tara, kashegari sha huɗu.

Ran Juma'a na ji takun baƙi a sama, takalmin likita mai tsini da na Stevan mai nauyi. Sai shiru. Ƙarfe huɗu na fara. Katako ya yi ƙara. Na rufe ido, ɗakin ya ɓace mini, na ga kamar ina ƙarƙashin jirgi ne a cikin ruwa, wani na tafiya a saman bene ina tura shi da tafin hannu. Dama, hagu. Dama, hagu. Ina ƙirgawa har goma sha ɗaya.

Nan halina ya tashi. Murna ta kwashe ni, hannayena suka zagaya gangunan nan kaf kafin in ankara, na rufe da fayafayan tagulla, ƙarar da ta girgiza kwalayen ƙwai. Da ƙarar ta mutu ban ji komai a sama ba. Ya kafe a taga, a gaban likita.

Na so in jefar da sandunan in gudu. Sai na tuna ba shi da wata hanyar komawa kujera sai ta hannuna. Na sake kamawa a hankali, a hankali sosai, gangar ƙafa kaɗai. Ban san tsawon lokacin da na yi ba, ni dai na san cinyata ta fara ciwo. Can na ji shuuu. Na ba ta wuri ta sauka. Muka dawo da shi gida, ni da Inna Smilja, ita a sama ni a ƙasa.

Likitar ta ce ba ta ga dalilin ɗauke shi ba tukuna. Stevan ya sauko ya rungume ni har ƙashina ya yi ƙara. Da na hau, na tarar an goge sifirin, an matsar da Tukwane sama, an rubuta ashirin da biyu. Amma a ƙarƙashin Mai Wasiƙa.

"Haba Inna, ai lambarmu ɗaya."

"Zoltan bai taɓa barinsa a taga ba." Ta miƙo mini kwanon miyar wake. "Ci, ka rame."

Shekara uku na yi ina sauka ƙarfe huɗu. Ƙungiyarmu ta watse, Vlajko ya ce na lalace, kiɗana ya koma na masu jiran bas. Ban yi suna ba, na ƙare ina gyaran injin wanki, kuma ban yi nadama ba. Har yau idan samari suka tambaye ni wane ne gwanin makaɗa, nakan ce su fara gano wanda yake jin sauran, sai su yi mini kallon tsoho.

Baba Radoje ya rasu a gadonsa cikin hunturu, kogi ya yi ƙanƙara a gefe-gefe. Bayan mako guda da binne shi, ƙarfe huɗu ta yi, ƙafafuna suka kai ni ɗakin ƙasa ba tare da na yi shawara da su ba. Na zauna, na kama takin, don ban san abin da zan yi da hannayena ba. Sai katako ya yi ƙara a sama. Ƙafar dama ta sauka. Ta hagu ta ja ƙasa, shuuu.

Na ci gaba har goma sha ɗaya, sannan na ajiye sanduna na haura da gudu. Ƙofar a buɗe take. Inna Smilja ce tsaye a taga ita kaɗai cikin baƙaƙen kaya, tafin hannunta na dama a buɗe a gefenta, daidai inda gwiwar hannunsa take zama. Shekarun da ta yi tana tafiya a gefensa sun koya wa ƙafarta tafiyarsa. Ba ta juyo ba.

"Tukwane, ka sake barin mutum a taga."

Na cire takalmina da na manta, na riƙe su a hannu na sauka. Na ɗauki sanduna, na buga wa ƙafar dama, na jira ƙafar hagu.