Ban Yafe wa Manjo Ba

Mu huɗu ne tsofaffin sojoji a cikin ɗaliban Hausa da ke karatun addini a Alƙahira a lokacin, kuma ba sai an nuna mu ba. Duk wanda ka ga ya riga mai shara isa aji, ya zauna baya a miƙe kamar an cusa masa sanda a riga, to ɗayanmu ne. Samarin da muke aji ɗaya da su sa'annin 'ya'yanmu ne, suna ce mana Baba Soja, suna dariya idan muka haɗa nahawu da gumi. Ni da wani tsohon sojan Nijar muke zaune a ɗaki ɗaya a unguwar Abbasiya, a hawa na biyar, gidan da ba shi da lif. Gwiwata ta hagu ba ta taɓa yafe wa wannan matakala ba.

Wata Juma'a bayan la'asar shugaban ƙungiyar ɗalibai ya hau mana har sama yana haki. Ya ce an shirya taron kwana uku a kan shugabanci a wani zaure a unguwar Madinat Nasr, kuma a ranar ƙarshe 'yan majalisa daga gida za su zo. Ziyarar aiki suka kawo Masar, daga nan su zarce Umara. So yake mu huɗun mu zauna a sahun gaba, a nuna wa baƙi cewa har waɗanda suka riƙe bindiga sun dawo sun riƙe littafi. Na ce masa mu ba kayan ado ba ne. Ya yi dariya, ya miƙo mini wayarsa in ga hotunan baƙin.

Na uku a jerin ya yi ƙiba, ya tara gemu, ya sa babbar riga da hula mai aiki. Amma na gane shi kafin in gama sauke numfashi. Manjo ne, kwamandanmu a dajin arewa maso gabas. Ashe bayan ya yi ritaya siyasa ya shiga.

Ina da amini a wancan lokacin, kofur kamar ni. Tare muka shiga soja, kwano ɗaya muke ci, shi ne ya yi mini waliyyi da na yi aure saboda mahaifina ba ya raye. Shi ke riƙe da babbar bindigar rukuninmu. Wata rana da hantsi aka yi mana kwanton ɓauna a bakin wani rafi. Harsashi ya same shi a cinya, ya kasa tashi, amma bai daina harbi ba, ya tare mana hanya har muka samu muka hau mota. Mu biyu muka yunƙura za mu sauka mu ɗauko shi, tazarar ba ta fi daga nan zuwa ƙofar gida ba. Manjo ya daka wa direba tsawa ya ce ya ja. Direba ya ja. Na ga aminina ya ɗago kai yana kallonmu, da ransa, da hankalinsa.

Da wannan kaɗai ne, da na iya cewa tsoro ne, tsoro kuwa yana kama kowa. Abin da ya biyo baya ne ya ƙona mini rai. Da muka koma bariki, Manjo ya rubuta rahoto cewa kofur ya gudu tun kafin a fara artabu, ya tafi da bindigar gwamnati. Da haka ya wanke kansa daga barin mai rauni, ya kuma sami bayanin bindigar da ta ɓata. Na je na ce ƙarya ne. Aka kulle ni a gadurum mako uku, daga baya aka sallame ni da sunan ciwon gwiwa. Aka kori matar aminina daga gidan bariki. Mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna, ta daina zuwa biki da suna a garinsu, saboda ta gaji da jin mata suna rage murya idan ta shigo. Ɗanta ya mutu yana kare mutane, takarda tana cewa matsoraci ne.

Bayan shugaban ɗalibai ya tafi, mutumin Nijar ya zuba mini shayi ya ce, “Kofur, na ga fuskarka ta canza. Wane ne?”

Na ba shi labari. Ya daɗe yana juya kofinsa, sannan ya ce, “Ka tuna nan ƙasar mutane ce. In ka taɓa shi, iƙamarka ta zaman ƙasa ta tafi, karatun ma khalas, ya ƙare.”

“Ba zan taɓa shi ba,” na ce. “So nake ya faɗa da bakinsa, a gaban mutane, cewa bai gudu ba.”

“In ya ƙi fa?”



Kwana biyun farko na taron ban ji komai ba. Wani matashi da bai taɓa jagorantar ko akuya zuwa rafi ba yana ta bayani a kan halayen shugaba nagari, ana raba mu rukuni-rukuni, ana liƙa takardu masu launi a bango. Ni kuwa ina zaune ina tsara abin da zan yi. Na ƙudura cewa idan Manjo ya shigo, kowa ya miƙe, ni zan zauna daram, in harɗe ƙafa, in zuba masa ido har ya gane ni. A cikin mikrobas, ƙaramar motar haya, a hanyar komawa gida, ina maimaita tambayata a zuci kamar mai hadda.

Rana ta uku aka zaunar da mu a gaba, mun sha wanki da guga. Ƙofa ta buɗe, baƙi suka shigo su biyar, shi ne a tsakiya. Da ya zo daidai sahunmu aka raɗa masa cewa tsofaffin sojoji ne. Sai ya tsaya, ya murtuke fuska da wasa, ya jefo mana kalmar nan da ake ƙamar da soja a fareti, da irin muryarsa ta dā.

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na tsinci kaina a tsaye, duga-dugai a haɗe, hannuwa a manne da cinya, ƙirji a waje. Gwiwar da ke hana ni hawa bene ko ƙara ba ta yi ba. Zaure ya ɗauki tafi da dariya. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana dafa kafaɗa, ya dafa tawa, ya ce, “Madalla da mazan fama.” Ya kalli tsakiyar idona bai gane ni ba. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta wannan rana ba. Shekaru ina tsine wa mutum a zuciya, ya yi tsawa ɗaya, jikina ya yi masa biyayya.

Da aka ba shi lasifika ya yi magana mai daɗi, dama ya iya baki. Ya ce shi a daji ya koyi shugabanci, kuma shugaba na gaskiya shi ne na ƙarshen barin fagen fama. Samari suna rubutawa a littattafansu. Mutumin Nijar ya dafe mini gwiwa da ƙarfi, na ji yatsunsa har ƙashi.

Aka zo tambayoyi, sai aka ce ba a ɗaga hannu, kowa ya rubuta a takarda a miƙa wa shugaban ɗalibai. Na rubuta tawa. Ina kallo ya buɗe ta, ya karanta, ya ɗago ya dube ni, ya ninke ta ya sa a aljihu. Aka karanta tambayoyi a kan tallafin karatu da aikin yi bayan an koma gida. Aka yi addu'a. Na ce a raina shi ke nan, Manjo ya sake jan mota ya bar mu.

Har an fara tattara kujeru sai Manjo ya karɓi lasifika kuma. Ya sassauta murya, ya ce gobe in Allah ya yarda za su wuce ƙasa mai tsarki, kuma ɗan Adam ajizi ne. Don haka duk wanda ya taɓa saɓa wa, da saninsa ko ba da saninsa ba, yana roƙo ya yafe masa. Kowa ya san wannan al'ada tamu. Mai tafiya Makka yana neman yafiya, jama'a su amsa baki ɗaya, ba wanda yake tsayawa ya yi tunani. Zaure kuwa ya amsa, “Mun yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya.”

Na ji leɓena sun fara motsi tare da na mutane. Na cije su. Na jira amsar ta lafa, sannan na ce, daga inda nake zaune, “Ban yafe ba.”

Ban ɗaga murya sosai ba, amma a sahun gaba nake, lasifikar ta ɗauka. Wani a baya ya ce subhanallahi. A wurinmu wannan kalma ta fi zagi nauyi, don wanda ka ce wa haka ka aika shi ne ya jira ka a gaban Allah.

Ya yi murmushi irin na 'yan siyasa ya ce, “Malam, me na yi maka?”

“Bakin rafi, Sa. Kofur mai babbar bindiga. Ina cikin motar.”

Na ga murmushin ya bushe a fuskarsa. Yanzu ya gane ni. Na ce, “Ka bar shi da ransa, ka rubuta cewa ya gudu. Ka faɗa wa mutanen nan bai gudu ba.”

Ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa ya ce wannan ba wurinsa ba ne. Shugaban ɗalibai yana ta ba da haƙuri da Larabci, ma'alish, ma'alish, kamar ni ne na taka wa wani ƙafa a jirgin metro. Aka kashe lasifika, aka ce taro ya tashi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ga gumi yana bin wuyan rigarsa, na ji wani sanyi ya ratsa ni wanda rabona da shi tun ina bariki.

Ina bakin ƙofa aka zo aka ce yana son ganina. Aka kai ni wani ƙaramin ɗaki da ake ajiye kujeru, mu biyu kawai. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Kansa duk furfura.

“Kofur,” ya ce, “yaƙi ne. Da na tsaya, da dukkanmu mun mutu.”

“Ban tambaye ka tsayawa ba, Sa. Rahoton nake tambaya.”

Can ya ce, a hankali, yana kallon ƙasa, “Na san bai gudu ba.”

Na ciro wayata na ce, “Mahaifiyarsa tana raye. Maimaita, in ɗauka in tura mata, ta kunna wa mutanen garinsu.”

Ya kalli wayar, ya girgiza kai. Ya ce in fahimce shi, akwai zaɓe a gaba, abokan hamayya za su yi masa kaca-kaca da ita. Ya ce in faɗi duk abin da iyalan suke buƙata, zai yi. Zai kuma yi wa marigayin addu'a a gaban Ka'aba da sunansa. Na tambaye shi sunan. Ya buɗe baki, ya rufe. Bai tuna ba.

“Don Allah, Kofur,” ya ce. “Gobe zan ɗaura harami. Kai malami ne yanzu, ka san falalar yafiya.”

“Na sani, Sa. Na kuma san haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yarda, a nan aka karantar da ni. Ka je ka yi ɗawafinka da shi a wuya.”

Na fita na bar shi da hula a hannu.

Ba abin da ya canza a takarda, har yau. Ƙungiyar ɗalibai ta daina gayyatata ko'ina, wasu samarin suka daina gaishe ni, wasu kuma suka fara gaishe ni da hannu biyu. Wani malaminmu Bamisire da labari ya kai masa ya zaunar da ni ya yi mini nasiha mai tsawo a kan haƙuri. Na saurare shi da ladabi, na sumbaci kansa, na tashi da zuciyata yadda na zo da ita.

Bayan kwana biyu, da safe, na kira Inna. Sai da aka je aka nemo ta a bayan gida tana shanya kuɓewa. Muka gaisa, ta tambayi karatu, ta tambayi gwiwa. Na ce mata na ga mutumin, kuma ya faɗa da bakinsa cewa ɗanta bai gudu ba.

“Ai ni na sani,” ta ce. “Ni na haife shi. A gaban mutane ya faɗa?”

“A'a, Inna. A ɗaki, ni da shi.”

Sannan ta ce, “Ya nemi ka yafe masa?”

“Ya nema. Na ƙi.”

“Allah ya yi maka albarka, ɗana,” ta ce. “Ka riƙe naka haƙƙin. Nawa yana nan, da shi za a binne ni.”